Yadda Ake Gano Abin da Ke Lalata Kwanson Harsashi Wajen Sake Ɗuri

A Amurka, mafarauta da masu gasar harbi da yawa ba sa barin kwanson harsashi a ƙasa bayan sun harba. Suna tsince shi su kai gida, su wanke, su mayar da shi girmansa na asali, sannan su sake ɗura shi, domin kwanso mai kyau yakan jure ɗuri sau da dama, kuma yana cikin abubuwan da suka fi tsada a jikin harsashi. Dokar tarayyar ƙasar ta yarda mutum ya yi wannan aiki don amfanin kansa, sai idan zai sayar ne ake neman lasisi a hannunsa. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya karɓi izini kafin a sayar masa da albarushi, a Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ba ta bar ɗaiɗaikun mutane su ƙera ko su harhaɗa harsashi ba, saboda haka bayanin nan ya shafi wuraren da doka ta halatta aikin ne.

Kwanson doguwar bindiga galibi siffar kwalba gare shi. Yana da baki da wuya inda kan harsashi, wato dalmar da ke fita idan an harba, yake zama, da kafaɗa inda wuyan yake buɗewa, da jiki inda albarushi yake, da kuma gindi mai kauri wanda ake dasa faraima a tsakiyarsa, wato 'yar hular nan da ke kama wuta idan allurar bindiga ta buge ta. Da tagulla ake yin sa, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, kuma halin wannan tagulla shi ne tana ƙara tauri duk lokacin da aka matsa ta ko aka buɗa ta. Mai ɗuri yana aiki ne da injin matsi na hannu da dayi biyu, waɗanda bututu ne na ƙarfe da ake murɗawa a saman injin: na farko yana matsa kwanson da aka shafa wa mai ya koma girmansa na asali, ya kuma fitar da tsohuwar faraima, na biyu yana dasa kan harsashi a wuya.

Abin da ya kamata mai ɗuri ya fara riƙewa shi ne munin lahani ba shi ne ma'aunin haɗarinsa ba. Kwanson da kafaɗarsa ta lotse yana da munin gani, amma galibi ba ya cutar da kowa, alhali wani ɗan siririn zobe mai haske kusa da gindi, wanda sai an karkata kwanson a haske ake ganinsa, shi ne kan sa iskar harbi mai zafi ta dawo fuskar mai bindiga. Abu na biyu kuma, kafin a taɓa komai a nemo matakin da lahanin ya auku. A ɗauki kwanso guda biyar masu lafiya, a bi da su mataki-mataki, ana dubawa bayan harbi, bayan matsi, da bayan dasa kai. Inda lahanin ya fara bayyana, nan matsalar take. Idan aka zo gyara, abu ɗaya ake canzawa a sake gwadawa, domin wanda ya murɗa dayi, ya sauya mai, ya kuma sauya kwanso a lokaci guda, ko matsalar ta tafi ba zai san abin da ya kore ta ba.

Lotsawar kafaɗa bayan matsi

Wannan ita ce matsalar da sabon mai ɗuri ya fi fara cin karo da ita. Kwanso yana shiga dayin matsi lafiya, ya fito da 'yan ramuka masu santsi a kafaɗa, wani lokaci ɗaya, wani lokaci sun zagaye ta. Mai ne ya yi yawa. Ruwa ba ya matsuwa, don haka idan mai ya taru tsakanin kafaɗar kwanso da ta dayi, ba shi da wurin zuwa sai ya tura tagullar ciki. Jikin kwanso kaɗai ke bukatar mai, shi ma ɗan kaɗan wanda yatsa zai ji amma ido ba zai gani sosai ba, kuma ba a shafa wa kafaɗa da bayan wuya ko kaɗan. Idan an rage man amma ramukan ba su daina fitowa ba, to tsohon mai ya riga ya taru a cikin dayin, sai a kwance shi, a zare sandar cikinsa, a goge da tsumma da ruwan wanke ƙarfe. Dayi da yawa suna da wata 'yar huda a gefe daidai kafaɗa wadda iska da rarar mai ke fita ta cikinta. Datti yana toshe ta, wani lokacin ma zoben kulle dayin ne yake rufe ta, kuma siririyar waya ta isa ta buɗe ta.

Ƙananan ramuka irin waɗannan sukan miƙe da kansu a harbi na gaba. Wanda ake zubarwa shi ne kwanson da ramin ya zama ninki mai kaifi, domin nan ne zai tsage.

Kada tsoron lotsawa ya sa a hana kwanso mai gaba ɗaya, domin sakamakon wannan ya fi ɓata rai. Busasshen kwanso yana maƙalewa a cikin dayi, idan aka ja hannun injin da ƙarfi sai mariƙin, wato ƙarfen da ke riƙe gindin kwanso a injin, ya yage leɓen gindin, kwanson ya zauna daram a ciki. Ba a ciro shi da filaya ko guduma. Akwai kayan ciro shi na musamman da kamfanoni irin su RCBS da Redding da Hornady suke sayarwa: ana huda gurbin faraima, a yanka masa zare, a ɗaura ƙusa mai zare ta cikin wani ɗan kofi na ƙarfe, a yi ta murɗawa har kwanson ya fito. Alamar gargaɗi tana zuwa kafin haka ta faru, domin hannun injin yana yin nauyi fiye da yadda aka saba tun kwanson bai gama shiga ba, kuma a nan ya kamata a tsaya a sauke shi.

Kafaɗar da ta durƙushe wajen dasa kai

A ganina wannan ita ce ta fi rikita mutane, saboda laifin yana wurin da ba a zato. Kwanso ya fito daga matsi sumul, aka zuba albarushi, aka dasa kai, sai a ga kafaɗar ta zauna, ko kuma wani ɗan kumburi ya zagaye inda kafaɗa ta haɗu da jiki. Wani lokacin kumburin ƙarami ne har ido ba ya kama shi, sai dai yatsa ya ji shi, ko kuma sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki, ta ƙi rufuwa a kan harsashin. Mutum sai ya koma yana zargin dayin matsi, alhali dayin dasawa ne ya yi ɓarnar.

Yawancin dayin dasawa suna da wani ɗan tudu a ciki wanda aikinsa tsuke bakin kwanso ya kama kan harsashi. Idan aka murɗa dayin ƙasa da yawa, bakin kwanso yana isa wannan tudu tun kan bai gama shiga ba. Bakin ya kama kan, sandar dasawa, wadda ke tura kan daga cikin dayin, tana ci gaba da turawa, ƙarfin ba shi da mafita sai ya bi wuya ya sauka a kafaɗa, wadda ita ce mafi rauni. Haka kuma yake faruwa idan aka yi ƙoƙarin tsuke baki a kan harsashin da ba shi da tsagin da aka yi domin hakan, saboda bakin ba shi da inda zai shiga.

Gyaran yana da sauƙi. A sa kwanso marar komai a injin, wanda aka matsa aka kuma datse tsawonsa daidai, a ɗaga shi har ƙarshe. A ja sandar dasawa sama sosai, a murɗa dayin ƙasa a hankali har a ji ya taɓa bakin kwanso, sannan a mayar da shi baya zagaye ɗaya cikakke a kulle. Daga nan zurfin zaman kai da sandar dasawa kaɗai ake daidaita shi, ba a sake taɓa jikin dayin. Yawancin harsasan bindigar sakata, wadda ake jan sakatarta da hannu, ba sa bukatar tsuke baki ko kaɗan, riƙon wuya ya ishe su. Inda ake bukatarsa, kamar harsashin .30-30 Winchester da ake jerawa a bututu ɗaya yana dannar ɗaya, gara a raba aikin biyu, a dasa kan duka tukuna, a dawo a tsuke daga baya. Shi .30-30 ɗin, da .22 Hornet, bangonsu siriri ne, kuskure kaɗan yake durƙusar da su.

Idan kuma wasu kwanson ne kawai suke durƙushewa wasu suna fita lafiya, to tsawonsu ne bai zo ɗaya ba. Kwanso yana ƙara tsawo da kowane harbi da matsi, kuma ba daidai suke ƙaruwa ba. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka tun 1926, ta ƙayyade iyakar tsawon kowane iri: inci 2.015 ga .308 Winchester, inci 2.494 ga .30-06, inci 1.760 ga .223 Remington. Littattafan ɗuri suna cewa a datse ƙasa da iyakar da inci 0.010. Awon bayan matsi ake yin sa, domin matsin ne yake fito da tsawon. Wannan ya wuce batun kyan gani, saboda kwanson da ya wuce iyaka bakinsa yana cusuwa a ƙarshen mazaunin harsashi, wato ramin da yake zama a cikin bindiga, ya danne kan, ƙarfin harbi ya hau fiye da kima.

Baki da wuya

Bakin da ya lanƙwashe ciki ta gefe ɗaya, ko wuyan da ya yamutse, ko ɗan ɓawon jan ƙarfe da ya kankaro daga jikin kan harsashi, duk suna nuna cewa kan bai sami hanyar shiga ba. Bayan an datse kwanso bakinsa yana zama da kaifi, dole a fiƙe shi kaɗan ciki da waje, juyi biyu ko uku na hannu, kada a mayar da shi wuƙa. Kai mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi wanda gindinsa ya tsuke wuyar shiga, saboda haka ana riƙe shi da yatsu a miƙe har ya shige bakin dayi. A kuma duba mariƙin kwanso, domin datti ko ƙwayar albarushi a cikin tsaginsa yana hana kwanso shiga har ƙarshe, sai ya tashi a karkace ya bugi gefen dayi.

A cikin dayin matsi akwai sanda mai ɗauke da allurar fitar da faraima da wata 'yar ƙwallo da ke buɗe wuya yayin da kwanso ke fitowa. Idan ƙwallon ta yi sama da yawa har ta kai inda dayin ke matse wuya, tagullar tana shiga tsakanin ƙarfe biyu ta murƙushe. Idan ta yi ƙasa da yawa tana dukan cikin gindin kwanso, sandar ta lanƙwashe. Daidai shi ne allurar ta leƙo ƙasan dayi da kusan milimita 4 zuwa 5, gwargwadon abin da zai ture faraima kawai. Idan ana jin ƙara kamar kukan ƙofa lokacin da kwanso ke fitowa, to cikin wuyan ya bushe, kuma ƙwallon tana jan wuya da kafaɗa gaba, abin da ke sa harsashi ya karkace ko ya ƙi zama. Buroshi a cikin wuya da ɗan garin girafait, irin baƙin cikin fensir, suna maganin wannan ba tare da jiƙa albarushi ba.

Allurar da ke karyewa ba dalili kuwa, a haska cikin kwanson a gani. Idan huda biyu ce a gefe maimakon ɗaya a tsakiya, kwanson na tsarin Berdan ne, ba a fitar da faraimarsa da allura. Abin dariya a nan shi ne Hiram Berdan Ba'amurke ne amma tsarinsa a Turai ya yi kasuwa, shi kuwa Edward Boxer, wanda masu ɗuri a Amurka suka dogara da nasa tsarin, Baturen Ingila ne.

Tsagewar wuya daga baki zuwa ƙasa alamar tsufa ce. Tagullar ta sha matsi da buɗawa har ta yi tauri ta daina miƙewa. Wanda ya tsage an gama da shi, amma ana iya ceton 'yan uwansa ta hanyar gasa wuya da kafaɗa su yi laushi, a kwanso marar faraima marar albarushi. Masu yin haka da wutar gas suna shafa wani fenti mai narkewa a kusan digiri 400 na Salsiyas domin su san lokacin tsayawa. Idan wuyan ya yi ja jawur, an wuce gona da iri, zai yi laushin da ba zai riƙe kai ba kuma kafaɗar za ta durƙushe a matsi na gaba. Zafin kuma kada ya kai gindi ko kusa, domin taurin gindi shi ne ke riƙe ƙarfin harbi, kwanson da gindinsa ya gasu kuwa na zubarwa ne. Akwai wata tsagewar da ba ta da alaƙa da yawan ɗuri, wadda sinadarin amoniya ke jawowa. Sojojin Birtaniya a Indiya sun sha ganin harsasansu suna tsagewa a lokacin damina, sai a 1921 aka gano cewa amoniyar fitsarin dawaki ce, a bargar da ake ajiye su, take cin tagullar. Saboda haka ba a goge kwanso da man goge tagulla mai amoniya, komai ƙyallin da yake bayarwa.

Zoben da ke kusa da gindi

Nan ne ya kamata a fi daɗewa ana dubawa. Lokacin harbi, gaban kwanso yana buɗewa ya manne da bangon mazauninsa, gindin kuma yana komawa baya har ya jingina da fuskar sakata. Idan akwai rata tsakanin kafaɗar kwanso da kafaɗar mazaunin, tagullar tana miƙewa ta cike ratar, kuma a wuri ɗaya take miƙewa, daidai inda kaurin gindi ya ƙare bango ya fara sirancewa. Mai ɗurin da yake tura kafaɗa baya da yawa a kowane matsi, shi da hannunsa yake sake ƙirƙiro ratar, kwanson kuma yana sake miƙewa, har wata rana gindin ya rabu da jiki. Harsashin .308 Winchester yana iya kaiwa ƙarfin fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma wannan siririn bango ne ke tsare shi.

Daga waje alamar ita ce siririn zobe mai haske, kimanin milimita 6 zuwa 12 daga gindi. Ana iya rikita shi da gurbin da dayi ke tsayawa, wanda shi ba komai ba ne, shi ya sa ake tabbatarwa daga ciki. A miƙe kilif ɗin takarda, a lanƙwasa bakinsa kaɗan, a fiƙe shi, a zura cikin kwanson a riƙa jan sa a jikin bango daga gindi zuwa sama. Idan ya faɗa wani kwari ya ɗan maƙale, kwanson ya mutu, kuma tun da 'yan uwansa sun sha irin abin da ya sha, duk sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu bindigar Lee-Enfield mai cin .303 British sun san wannan matsala sosai, domin mazauninta yana da yalwa kuma sakatarta ta baya take kullewa, wani lokaci ɗuri kaɗan ne ke kai kwanso ƙarshe idan ana matsa shi gaba ɗaya.

Rigakafin shi ne a auna kafaɗa maimakon a yi ƙiyasi. Ana ɗaura wani ɗan ma'auni a kan kalifa, wato ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu na masu aikin ƙarfe, a auna daga gindi zuwa tsakiyar kafaɗar kwanson da aka harba a bindigar, bayan an cire faraimarsa. Sannan a daidaita dayi ya mayar da kafaɗar baya da inci 0.001 zuwa 0.002 ga bindigar sakata, ko 0.003 zuwa 0.004 ga mai ɗura kanta. A lura da ƙanƙantar wannan awo. Zaren dayi guda 14 ne a kowane inci, ma'ana zagaye ɗaya yana saukar da shi da kusan inci 0.071, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kuma kusan 0.009 ne, wanda ya ninka abin da ake nema ga bindigar sakata fiye da sau huɗu. Umarnin da ke zuwa da dayi, na a murɗa har ya taɓa mariƙi a ƙara kaɗan, an yi shi ne domin harsashin ya shiga kowace bindiga, ba domin kwanso ya daɗe ba. Akwai kuma wani abu da ke ruɗar mai awo: kafin dayi ya kai ga kafaɗa, matsin jiki yana tura ta gaba, sai awon ya ƙaru maimakon ya ragu. Wanda ya tsaya a nan zai ga kwansonsa ya ƙi shiga bindigar da ya fito daga cikinta. Abin yi shi ne a ci gaba da saukar da dayin kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da wani kwanson da aka harba, wanda ba a matsa ba tukuna, kowane karo.

Idan harsashi ya ƙi zama kuma an rasa inda yake kamawa, a haɗa na gwaji marar faraima marar albarushi, a shafe shi da baƙar maka, a sa a bindigar a rufe a hankali, a fitar. Inda baƙin ya goge, nan yake gogar mazaunin. Idan kusa da gindi ne, musamman a kwanson soja na 7.62 da aka harba a bindiga mai yalwar mazauni, dayin da aka yi don ƙara matse ƙasan jiki yana iya taimakawa.

Lahanin da ya zo daga bindiga

Wasu kwanson da lahaninsu suke zuwa tebur. Bindiga mai ɗura kanta tana wurgi da kwanso ya bugi jikinta, bakin ya loɓa ko jiki ya sami ɗan rami, kuma ƙwallon buɗe wuya tana gyara ƙaramar loɓawar baki. Dogayen karce a jiki bayan matsi yashi ne ko ɓurɓushin tagulla da ya manne a cikin dayi, shi ya sa ake wanke kwanso kafin ya kusanci injin. Amma idan aka ga wani da'ira ko tabo mai ƙyalli a kan rubutun gindi, ko sakata ta yi nauyin buɗewa, ko sabuwar faraima ta shige gurbinta ba tare da an ji riƙo ba, to gindin ne ya buɗe saboda ƙarfin harbi ya yi yawa, kuma babu dayin da ke gyara wannan. A daina harba sauran harsasan wannan ɗurin, a zare kawunansu, a koma ga littafin ɗuri da ma'aunin albarushi a bincika daga farko. Idan kwanso yana fitowa da kumburi a gefe ɗaya, ko sabon harsashin kamfani ma yana nuna zoben gindi tun harbin farko, bindigar ce za a kai wa maƙerin bindiga ya auna mazauninta.

Duk kwanson da aka yanke wa hukuncin zubarwa, a murƙushe bakinsa da filaya nan take kafin a jefa shi cikin gwangwanin tarkace, domin kada ya koma cikin masu lafiya a wanki na gaba. Sauran kuma a ajiye su rukuni-rukuni, kowane akwati da takardar da ke nuna kamfanin kwanson, bindigar da aka harba shi, sau nawa aka ɗura shi, da ranar da aka datse shi ko aka gasa wuyansa.